Dinyoyin Yaya Nasiratu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, Allah Ya karɓi ranki a asibiti nan Doha, Yaya Nasiratu, bayan doguwar jinya. Ni ce Safiyyatu, maƙwabciyarki ta unguwar Al Gharrafa. Na zauna in rubuta miki yabo, amma wallahi raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ke kika tarbe ni ranar da na iso ƙasar nan ban san kowa ba. Kika zuba mini tuwo a wani tsohon farantin tangaran mai zanen dinyar daji, fukafukai a buɗe. Na ce ina tsoron fasa shi, kika ce, "Ci abinki, faranti ai don ci aka yi shi."

Shekara da shekaru kina zagaya tsofaffin shagunan Al Asmakh. Faranti ko buta ko kofin tsarabar matafiya, in dai da dinya a jiki, sai kin zo da shi gida. Ba don kanki kika tara ba. Kin ce na jeren Fiddausi ne, 'yarki tilo, ranar da za a kai ta ɗakinta. Kina kan gadon asibiti kika riƙe hannuna kika ce in tabbata sun isa gare ta.

To ga abin da ya faru, Yaya. Ranar sadakar uku, muna falo ana karɓar gaisuwa, Rashad, ƙanen mijinki, ya shige ɗakinki ya buɗe kabad ɗin da kika jera kayan, ya ɗauki ƙusa. Ɗaya bayan ɗaya yake kankare kawunan tsuntsayen, wai hoton abu mai rai ne, yana rage miki nauyin kabari. Bai tambayi malami ba, bai tambayi mai gadon kayan ba. Mutumin da bai taɓa leƙa ki a asibiti ba, ko lemo bai aiko ba, yau shi ne mai tausayin kabarinki!

Da na shiga na ce, "Malam Rashad, kayan marainiya ne fa." Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Khalas, ya isa haka, Hajiya, an kusa gamawa."

Ban tsaya musu ba. Na sunkuci buta ɗaya da bai kai gare ta ba, na tura cikin hijabina na fice. Ita kaɗai ta tsira. Jiya na miƙa wa Fiddausi, ta rungume ta tana kuka. Ki yafe mini, Yaya, iyakar abin da na iya ceto ke nan daga amanarki.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa mijinki Alhaji Mansur da Fiddausi da dangi na nan da na gida ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Shi kuwa Rashad, an ce in yafe masa. Ba ni ya yi wa ba, ya je ya roƙi marainiya.