Malam Kyari Goni da Ƙafar Falmata

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Kyari Goni a unguwar Fagge ta Kano a shekarar 1932. Mahaifinsa Goni Bukar malamin Alƙur'ani ne wanda iyayensa suka taso daga Borno da fatauci, mahaifiyarsa kuwa ita ce Ya Fanta. Bayan ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya yi elementare da midil a Kano, sannan a 1951 ya tafi Zariya horon malaman asibiti, inda aka san shi da tsantsenin da har yakan gunduri abokan karatunsa.

Aure da aiki

A 1958 ya auri Sa'adiya, 'yar wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Daga 1963 aka ba shi koyar da ilimin halittar jikin ɗan Adam a wata makarantar jinya da ke Kano. Darasinsa ba ya sauyawa: tsoka ba ta motsi sai jijiya ta kawo mata saƙo daga laka, idan kuwa saƙon ya yanke sai ta zauna ta rame. Yakan kuma nanata cewa jiki na da garkuwarsa, ba kowane zazzaɓi ke bukatar allura ba. Ba ya barin ɗalibi ya taɓa sirinji sai ya raba mazaunin majinyaci gida huɗu da yatsa, ya soka a gidan sama na waje, domin babbar jijiyar ƙafa ta ƙasa take bi.

Jarrabawar 1975

A shekarun da kuɗin fetur suka yawaita, shagunan kemis suka cika Sabon Gari, jama'a kuma suka ɗauka maganin da ba allura ba wasa ne. Wani ɗalibinsa mai suna Boniface ya bar makaranta tun kafin a kai zangon jijiyoyi, ya buɗe nasa shagon kusa da kantin takalma na Bata. A damunar 1975, Malam yana Zariya wajen aikin jarrabawa, zazzaɓi ya kama autarsa Falmata, mai shekara shida. Sa'adiya ta kai ta wurin Boniface da natsuwar cewa ai yaron Malam ne. Allurar ta sauka a gidan ƙasa, yarinyar kuma ta dawo gida tafin ƙafarta ta hagu yana lilo.

Dangi suka yanke cewa shan inna ne, suka ba da shawarar a yi hayaƙi a naɗe ƙafar a bar wa Allah. Da Malam ya dawo sai ya gwada ta da tsinke, ya tarar ba ta jin suka a bayan tafin, alhali shan inna ba ya ɗauke ji. Ya shaida wa matarsa cewa jijiyar ta ji rauni amma takan sake tsirowa a hankali, abin tsoron kawai shi ne ta iso ta tarar tsokar ta mutu. Ya ji zafin abin ƙwarai, bai kuwa ɓoye ba.

Shekara uku cur yana tausa ƙafar safe da yamma, yana lanƙwasa idon sawun yana miƙewa, ya kuma sa wani baduku ya ɗinka mata takalmi mai riƙe tafin. A 1976 ya ƙi ƙarin girman da zai mai da shi Kaduna saboda wannan tausar. Bai kai Boniface ƙara ba. Abin da ya ce masa shi ne, "Zangon da ka gudu wa za ka dawo ka yi, kuma ba kai kaɗai ba." Daga nan kowace Asabar masu kemis sukan taru a bayan shagon, Malam yana zana musu gida huɗu a jikin kwali. A 1978 Falmata ta ɗaga tafin ƙafarta da kanta, sai dai babban yatsan bai taɓa motsawa ba.

Ritaya da rasuwa

Ya yi ritaya a 1987, ya koma karantar da yara a zauren mahaifinsa. Allah ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 1994 bayan gajeriyar jinya. An sallace shi a ƙofar gidansa da ke Fagge, aka kai shi makwancinsa, Boniface da tsofaffin masu kemis suna tsaye daga gefe har aka gama rufe shi.

Ya bar matarsa Hajiya Sa'adiya da 'ya'ya huɗu: Halilu, Abdulmuminu, Ummakulsum, da Falmata, ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara, wadda take wuni a tsaye kan ƙafafunta biyu.