Malam Maharazu da Galan ɗin Surukarsa

Kullum da safe Malam Maharazu yakan fito da babur ɗinsa daga gida a Maska, ya ɗaure jakar littattafai a baya, ya laluba aljihu ya tabbatar ƙusarsa na nan, sannan ya kama hanyar makaranta. Tafiyar ba ta da nisa, amma yakan makara. Duk inda ya hango galan ɗin maganin feshi, a bakin gona ko a ƙofar gida, sai ya tsaya, ya yi sallama, ya huda shi a gindi, ya wuce. A ƙarshen wannan zangon karatu zai ajiye aiki, bayan ya daɗe yana koyar da kimiyyar muhalli a wata sakandare da ke yankin Funtua.

Littafin da aka ba shi na masu fara karatun fannin ne, kuma ba don Maska aka rubuta shi ba. Akwai hoton hayaƙin masana'antu, akwai na wata farar dabba tsaye a kan ƙanƙara, ƙanƙarar tana narkewa. Ɗalibai sukan tausaya mata, su haddace, su ci jarrabawa. Zaharaddeen, tsohon ɗalibinsa da yanzu ke sayar da taki a kasuwar Funtua, ya ce: "Mu duk mun ɗauka matsalar Turawa ce. Sai ranar da Malam ya kai babin guba, ya karanta cewa mazubin maganin feshi ba ya wankuwa, sai dai a ɗauraye, a huda, a binne. Yana ɗago kai ya ga rabin aji da ruwan shansu a irin wannan galan. Daga ranar muka shiga uku."

A wannan yanki galan ɗin da ya ƙare ba shara ba ne. Damina na wucewa, wanda ya kashe ciyawar gonar masara sai ya koma butar alwala, ko mazubin nono, ko na kunu. Malam ya yi bayani a aji, ya yi a ƙofar masallaci, ya yi a wurin suna har aka daina zaunar da shi kusa da mutane. Da bayani ya ƙi ci, ya ɗauki ƙusa. An kai ƙararsa wurin mai unguwa. An taɓa biyo shi da muciya. Duk da haka galan-galan ɗin suka yi ta raguwa.

Wanda ya gagare shi na surukarsa ne, Hajiya Tsohuwa, mai tuyar ƙosai. A wani galan ruwan ɗorawa take ajiye man gyaɗarta, hoton ƙoƙon kan mutum na nan a jikinsa raɗau. Da ƙosanta yaran unguwa ke karyawa, har da jikokinta, 'ya'yan Malam. Mutumin da bai bar butar liman ba, a nan ko ɗaga ido ba ya iya yi, balle ya ce an yi kuskure.

Ya bi ta hannun matarsa.

"Lauratu, ki yi wa Inna magana mana."

"Na yi, Malam. Ta ce hoton nan ma shi ke hana yara satar mata mai."

Ya sayo sabuwar jarka fara ya aika. Hajiya ta juya ta, ta sa albarka, ta ce wannan ta fi ƙarfin mai. Ta lulluɓe ta da zane, ta ajiye a ɗaka don auren jikarta. Ya aika ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Abin da ya biyo baya, Maiwada, ƙanen Lauratu, ya gani da idonsa. Wata Juma'a Malam ya je gaisuwa. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma, kai a ƙasa kamar yadda ya dace. Galan ɗin na dab da gwiwarsa. Lauratu ta tabbatar masa man ya ƙare tun jiya. Ba ta san an cika shi da hantsi ba.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna gaishe ki. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

Maiwada ya ce bai taɓa jin gaisuwa mai tsawon wannan ba. Har lafiyar awaki aka tambaya. Baki na gaisuwa, hannu na aiki da ƙusa a ƙarƙashin babbar riga. Can sai ga mai ya biyo ƙasa, ya zagaye gwiwar Malam, ya hau shaddarsa ta Juma'a. Shi ba halin ya tashi kafin a sallame shi, ita ba halin ta yi masa faɗa. Hajiya ta dubi man, ta dubi bango, ta juya wurin ɗanta.

"Maiwada, ka ce wa baƙonmu ya tashi a hankali, wurin akwai santsi."

Bai tashi a hankali ba.

Makonni Hajiya ba ta amsa gaisuwarsa sai ta bakin wani, kuma dangi sun fara tambayar Lauratu ko lafiyar mijinta ƙalau. Sai wata rana aka ga Hajiya ta fito da tata ƙusar, ta bi gidajen masu tuya da masu kunu ɗaya bayan ɗaya. Babu mai iya biyo tsohuwa da muciya. Abin da take faɗa a kowane gida shi ne, "In nawa guba ne, naku zuma ne?" Kafin kaka ta ƙare, da wuya ka ga abinci a galan ɗin feshi a unguwar.

Malam Maharazu, kai ne ka sauko da darasi daga kan ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba, ka kawo shi bakin murhu. Kai ne ka yarda a kira ka mai taɓin hankali don kada yaro ya karya da guba. Na Lauratu, mai huda kafin a yi gardama, mun gode. Allah ya sa hutun ya yi albarka.

Ga sauran malamai, babin da kuke karantarwa yana nan a tsakar gidajenku, ku leƙa. Ga manoma, kowa ya huda nasa da kansa, domin mutumin ya kusa samun lokaci.

An tambayi Hajiya Tsohuwa ko tana da saƙo ga surukinta a wannan lokaci na ajiye aiki. Ba ta ambaci sunansa ba.

"Ku ce masa galan ɗin na yafe," in ji ta. "Man ne dai da saura."