Masai biyu a gidan Mama Chinyere

Har gobe ba zan manta da ranar da aikin haraji ya kai ni Sangere leƙen masai ba. A farkon shekarar 2015 ne, ina sufeto a sashen da ke duba harajin masu gidajen haya a Jimeta.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ƙa'idar ita ce: abin da mai gida ya kashe wajen gyara, wato mayar da gida yadda yake a da, ana cire shi daga kuɗin hayar da ya karɓa kafin a yanka masa haraji. Amma in ƙari ya yi, kamar sabon ɗaki, wannan jari ne, ba a cire shi haka. A takarda abu ne mai sauƙi.

Mama Chinyere gwauruwa ce 'yar Ibo, mai shagon robobi a kasuwar Jimeta, kuma tana da gidan hayar ɗalibai a Sangere. Da 'yan tayar da ƙayar baya suka kori mutanen Michika da Mubi, iyayen 'yan hayarta suka gudo wurin 'ya'yansu. Ɗakin ɗalibi guda ya koma na iyali, ita kuma ba ta kori kowa ba. Kafin wani lokaci masan gidan biyu suka cika. Ta sa aka haƙa wasu, ta rubuta aikin a matsayin gyara.

Shugaban sashenmu, Malam Bello, mutum ne mai gaskiya, sai dai in ya kafe sai Allah. Yana ganin kalmar "haƙa" ya ja jan biro.

"Malama Dudu, sabon rami sabon gini ne. Ƙari ne."

Da labari ya kai ga Mama Chinyere, sai ga ta a ofis tana huci. Ta ce da bashi ta yi aikin, kuma in aka ɗora mata haraji a kan dukan kuɗin hayar, za ta sayar da gidan ta koma garinsu. Akwai mai saye a ƙasa, sharaɗinsa a ba shi gida babu kowa a ciki. Ta dafa teburina ta ce, "Madam, ka zo ka gani da idonka. Tsofaffi ne a ciki, ina za su je?"

Na nemi izinin zuwa duba gidan, Malam Bello ya ba ni yana murmushin mugunta, ya ce in tafi da turare.

Na haye gada na isa Sangere da hantsi. Tsakar gidan cike da tabarmi da murhun duwatsu. Wata dattijuwa ta kai ni bayan gida, ta nuna mini tsofaffin ramukan an binne su an shafe da siminti, ga sababbin a gefe. Ginin iri ɗaya, babu tayil, babu famfo. Na tsaya ina toshe hanci da mayafi, amma raina fari tas. Ni a Wuro Hausa na tashi, na san masai in ya cika ba a yi masa faci. Rufe shi ake a haƙa wani.

A hanyar fita na ga wata doguwar rumfar kwano da Mama Chinyere ta yi wa maza su riƙa kwana. Ita ma ta sa ta cikin gyara. Na same ta a bakin ƙofa, na ce, "Mama, wannan kam ƙari ne, a da babu ita." Ta yi mini faɗa da Hausa, ta ƙarasa da Turancin kasuwa, har da cewa ba ni da tausayi. Na bar ta ta gama, ban canza ba.

Washegari na shiga wurin Malam Bello.

"Ranka ya daɗe, masai nawa gidan yake da su a da?"

"Biyu."

"Yanzu ma biyu ne masu aiki. Me aka ƙara?"

Ya juya biro. "Rumfar fa? Ko ita ma kin yafe mata?"

"Na sa ta a ƙari."

Sai ya soke jan layinsa da hannunsa, ya sa hannu. Ya ce da na haɗa da rumfar, da bai yarda da ko ɗaya ba.

Mama Chinyere ta biya abin da ya hau kanta tana mita, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata a kasuwa. Amma ba ta sayar da gidan ba, kuma tsofaffin nan sun zauna a ciki har hanyar garinsu ta buɗe.

Abokan aiki suka laƙaba mini "Sufeton Masai", sunan ya bi ni har na yi ritaya. Ku ƙananan ma'aikata da kuke dariya in kun ji shi, abin da nake so ku riƙe shi ne: kafin ku ce gyara ko ƙari, ku tashi daga kujera ku je ku ga abin da gidan yake da shi a da, da wanda ke kwana a cikinsa yanzu. An ba ni takardun yabo a aikin nan, duk suna cikin akwati. Wannan sunan ne nake amsawa da fara'a.