Raƙumin da ke ja mana guga

Ƙanena ne ya kori maƙwabciyata daga rijiya, kuma yana zaune a Aljeriya ya yi wannan aiki. Ban yafe ba.

Ranin da ya biyo bayan hawan soja mulki ne. Damina ta tsaya da wuri, awaki suna ta ɓacewa a garinmu, kusa da Gidan Amumune. Sai ƙanen nawa ya turo vokal, saƙon murya, a gurup ɗin waya na 'yan gari, da muryarsa ta mai wa'azi: wai Buzayen bayan gari ne ke nuna wa ɓarayi hanya, a hana su ruwa. Mutumin da rabonsa da ganin akuyar garin nan tun kafin in yaye autana.

Ni ce adimin ɗin gurup, don na yi yaƙi da jahilci da furfura a kaina, ina karanta abin da ke cikin waya. Na danna wurin kai ƙara. Har yau shiru. Malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, ya ce injin da ke tace saƙonni ba ya jin Hausa. Na goge vokal ɗin da kaina, amma ya riga ya shiga wayoyin 'yan kabu-kabu, ana kunna shi a kasuwa kamar kiɗan biki.

Samari suka tare bakin rijiya da sanduna. Maƙwabciyar tawa Buzuwa, mai kawo mini cuku, ta iso da raƙuminta, aka ce ta juya. Ta juya.

Sai da ta ɓace aka tuna. Rijiyarmu zurfi gare ta, hannu ba ya iya guganta. Raƙumin Buzaye ne ke ja, su sha mu sha, tun kakanni. Samarin suka kama igiya suka yi aikin raƙumi. Guga ɗaya suka zauna.

Na kira ƙanen nawa.

"Yaya, ni ma ji na yi."

"Wurin wa?"

"A wani gurup."

"To turo mana ruwa ta gurup ɗin."

Da la'asar aka ce mini Buzuwar ta fara kwance bukka, za su yi arewa da 'ya'yanta. Arewa ko tsuntsu bai sami ruwa ba a shekarar.

Da safe na cire ƙanen nawa daga gurup. Na ɗauki bidona na ɗiban ruwa na tafi zangonsu, na kama akalar raƙumin na shiga gaba, na ce ta biyo ni rijiya. Rabin masu sandunan nan ni na goya su, in ga mai tare ni.