Ɗumin Bayan Inji

Kin taɓa ganin wanda ya kori mage, ya sare bishiya, alhali mai laifin na zaune a tsakar ɗakinsa? To, matso ki ji labarin ƙanena Mai Niƙa.

Shagonsa ɗaki guda ne, inji a tsakiya, irin mai shan dizal ɗin nan da sai an wana shi da hannu kafin ya tashi. Bango ya yi baƙi ƙirin. Mata masu kawo niƙa har tsokanarsa suke: "Mai Niƙa, gemu fari, hanci baƙi, wanne ne naka?" Ya ce, "Duka biyun, ai ni ba na zaɓe."

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tal. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tun tana rarrafe take atishawa, ido ya yi ja, can kuma ƙirji ya fara fito kamar ɗan tsako. Kowa ya gani sai ya ce sanyi ne. Shi kuwa ina ya san wuri mai ɗumi in ba bayan inji ba? Ya shimfiɗa mata buhu dab da bututun hayaƙi, ya toshe taga da tsumma kada iska ta taɓa ta. Nan take wuni, nan take barci.

Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka ce gashin mage ne, ya ba da magen, yarinya ta yi ta kuka. Aka ce furen bishiyar ƙofar shago ne, ya sa gatari. Ƙwai ma ya hana ta.

Ranar da numfashi ya sarƙe mata, leɓe ya canza kala, ya saɓa ta a kafaɗa sai asibiti. Likita ta tambaye shi inda yarinya ke wuni. Ya faɗa, har da alfaharinsa. Sai ta ce masa jiki na da dakarunsa masu tsaron ƙofa, toka-tokar hayaƙin nan kuwa in ta shiga huhu tunzura su take, har su daina bambance ɓarawo da baƙo. Ƙura, fure, gashin mage, kowa suka gani duka. Ta ce in sun koyi wannan faɗa, da wuya su manta.

Ya dawo shago. Ya fasa bango ya fitar da bututun waje, ya cire tsumman taga. Amma ciwon bai bar ta ba, inji kuwa shi ne abincinsu, shi ne kuɗin maganin da take shaƙa. Dole ya kai ta gun ƙanwar uwarta, can nesa inda iska ke da kyau. Can ta girma, can ta yi aure. In ta zo gaishe shi, sai ya yi wanka ya sauya riga tukuna, a waje suke zama.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ina ba shi ruwa, ya kama hannuna ya ce:

"Yaya, ki gaya wa Uwata, ni fa ɗumi na so ta ji."