Magudanar da Muka Ce Ta Mutu

Har yau ban manta ranar da na saka shugabana cikin magudana ba. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne, ina injiniyan awo a wani kamfani da aka bai wa aikin faɗaɗa titi a Awali, can ƙasar Larabawa. Nawa shi ne in auna, in buga turaku. Duk abin da ya faɗo tsakanin turakun kuwa, rabon katafila ne.

Cikin abin da ya faɗo har da wata tsohuwar magudana ta baƙin dutse. An gina ta tun zamanin da raƙuma ke jawo ruwa daga rijiya. Da inji ya zo, aka yi masa ɗaki a bakin rijiyar, magudanar kuma aka bar ta tana bin katangun gonaki kamar da. Duk zuwanmu a bushe muke tarar da ita, don haka shugabana, Muhandis Sabri, wato Injiniya Sabri, Bamisire mai saurin hawa, ya ce a cike ta.

Ina cikin buga turaku sai ga Baba Idi, mutumin Maraɗi mai kula da gonar can ƙarshe.

"Ɗana, da ita dabinon nan ke sha. Ruwan bi da bi ne, namu sai Laraba bayan la'asar. In kun cike ta, kalas, shi ke nan, gona ta mutu, kafili mai gidana ya sallame ni."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na kai wa Sabri, ya ce, "Ya Muhandis Kabiru, kowane tsoho da labarinsa. Ni abin da idona ya gani nake bi."

To, tunda gani yake so. Ranar Laraba na ce masa awon ƙasan magudanar ya rikice mini, sai ya duba da kansa. Ya dira ciki yana ta faɗa, ni ina jan magana. Wallahi na san in ruwan bai zo ba, ni da Baba Idi jirgi ɗaya za mu hau gida. Can sai ga ruwan tafe, yana turo busassun ganye, ya rufe masa takalma har idon sawu.

Sabri ya daina faɗa. Ya bi ruwan da kallo har inda tsohon ke tsaye da fartanya, sannan ya tuntsire da dariya.

"Kai makiri ne! Zana mini kwalbati, gobe da safe."

Muka ratsa da ruwan ta ƙarƙashin titi, muka mayar da duwatsun a bakunan biyu. Da dabino ya nuna, Baba Idi ya shigo ofis da kwando, ya kama hannuna ya riƙe.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga aikin nan: kafin ku ce abu ya mutu, ku tambayi masu wurin ranar aikinsa. In kuma Allah ya haɗa ku da shugaba mai faɗa amma mai iya sauya magana a gaban na ƙasa da shi, ku riƙe shi da kyau.