Afuwar da Yaya Vernon Ya Ƙi Nema

Da safiyar Alhamis, 3 ga Oktoba, Allah ya yi wa yayana Vernon Tackett rasuwa, yana da shekara saba'in da huɗu. Ina kukan rashinka, Yaya, amma har yanzu haushinka bai sake ni ba.

Shekara goma sha biyu ka yi kana magajin garin Laurel Fork. In dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai ka share ƙofar zawarawa da motarka mai ture ƙanƙara kafin ka waiwayi taka. Wannan halin ne ya kai ka ya baro. Wasu tsofaffi shida suka ce suna goyon bayan takararka, hannunsu na rawa, sai ka sa musu hannu a takardar goyon bayan da kanka. Lauyan gwamnatin jiha ya gurfanar da kai, kotu ta same ka da laifi. Ba a ɗaure ka ba, amma an raba ka da kujerarka da ƙuri'arka.

Rashin ƙuri'ar ya fi ci maka rai. Duk ranar zaɓe kana kwasar mutane zuwa rumfa, kai kuma ka zauna a mota kana jiran su fito. Afuwar gwamna kaɗai za ta maido maka da ita, ka ce gwamna ɗan waccan jam'iyyar ne. Shekara tara kana aika wa shugaban ƙasa wasiƙu.

Na ce, "Yaya, laifin na jiha ne. Shugaban ƙasa ba shi da hurumi a ciki."

Ka ce, "Loretta, ke da kika ƙare a gidan waya za ki koya mini siyasa? In durƙusa wa wancan gwamnan? Gara in mutu."

Har ɗan jam'iyyarka ya hau gwamna, ka ce ai shi ya kamata ya neme ka. Ka tafi saura wata guda zaɓe, ba ka sake jefa ƙuri'a ba.

Washegarin jana'izarka na cike takardar neman afuwar gwamna da sunanka, tunda yanzu ba ka da bakin hana ni. Shafi biyu ce kacal, Yaya. Ko minti goma ba ta ci mini ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Darlene da 'ya'yanku, Allah ya ba mu haƙuri. Kai kuma Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka har da taurin kan. Shi dai ba zai ce maka wannan laifin na jiha ne ba.